Jita Mai Wuya Biyu da Takalman Baba

Ni tela ne, amma kafin in iya zura zare a allura sai da na iya kwance keken ɗinki. A shagon da na yi koyo a Damagaram, maigidanmu ba ya barin kowa ya hau keke sai ya kwance shi kaca-kaca ya mayar da hannunsa. Shi ya sa har yau, a nan unguwar Highbridge a Amurka, duk wanda kekensa ya ƙi ja ko yake tsinka zare, ni yake nema. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka rashin iya aiki ne ya kunyata ni a ranar da zan ba da labarinta. Aiki kam na iya shi, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Gidan da muke haya bene ne mai hawa shida a kan gangara. Ni da matata muna ƙasa, falonmu kuma shi ne shagona: keke biyu, teburin yanka, da kafet ɗin da muke salla a kai. A hawa na biyar akwai wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka, mutumin kudancin ƙasar, wanda muke kira Baba. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa. Matarsa kuwa gajera ce, kuma ita ke yin maganar su biyun. Takan kawo mini siket in rage mata, ta tsaya a kaina har in gama, tana koya mini sana'ata.

Kowace Lahadi da rana wani sauti yakan sauko mana ta bututun ɗumama ɗaki, siriri, mai ja, kamar mutum yana rera waƙa bai tsaya shan iska ba. Matata ta ce goge ne. Na ce goge ba shi da wannan dogon numfashin. Mun yi shekara da shekaru muna wannan gardama, kuma ba wanda ya taɓa hawa sama ya tambaya, don kowa na gudun a ce shi ne bai canka ba.

Sai matar Baba ta rasu, sautin ya ɗauke. Bayan 'yan watanni shi ma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi ta hagu. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Ya dawo daga asibiti da sanda, yana ɗan jan ƙafa.

Wata rana ya sauko da baƙar kwat da wandonta a hannu, ya rame, kayan sun yi masa yawa. A bakin ƙofa ya ga jerin takalmanmu, ya ga kafet. Bai jira an gaya masa ba, ya zauna a 'yar kujerar da ke wurin ya tuɓe takalmansa masu taushi na zaman gida. Matata ta fito da sauri.

"Haba Baba, bar su mana, kai da ba ka jin daɗi."

"A nan kuke salla, ko ba haka ba?" in ji shi. "To ba zan taka da takalmi ba."

Da Turanci muke magana da shi, irin nawa na kasuwa, amma muna gane wa juna. Na ɗauko awo na auna shi. Da na zo kan tsawon wando na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, wadda maigidanmu ya dasa mana a ka da ranƙwashi: da wane takalmi za ka sa? Ya ce da takalmansa na fita, masu tudun dunduniya. Na ƙara yatsa biyu a ƙafar wandon, na shata da alli.

A ranar akwai wani tsohon keke mai feda da wata Hajiya 'yar Kumasi ta kawo mini gyara, na kifa shi a gefe, hanjinsa duk a waje. Baba ya daɗe yana kallon keken. Da zai tafi ya ce, "Tela, in ka sami sarari, hau ka ga wani abu."

Abin yana tsakiyar falonsa, an lulluɓe shi da zanen gado. Da ya yaye, na ga kamar ƙaramin tebur mai ƙafar ƙarfe huɗu. A samansa wuyan jita ne guda biyu kwance gefe da gefe, kowanne da tsirkiya goma. Can ƙasa kusa da daɓe ga feda shida a jere, kowace da siririyar sandar ƙarfe da ta hau ta shige ƙarƙashin teburin. Ya ce jita ce, amma ba a rungumarta, zama ake yi a gabanta yadda nake zama a gaban keke. Hannun hagu yana riƙe wani guntun ƙarfe mai santsi yana zamewa a kan tsirkiyoyi, yatsun dama suna sanye da faratan ƙarfe suna kaɗa su, ƙafar hagu kuma tana taka feda. In ka taka, sandar ta ja wata tsirkiya ta ɗaure ta ko ta sassauta ta, sai muryarta ta hau ko ta sauka tana tsakiyar kuka. Nan na gane abin da muke ji ta bututu.

Ya ce tasa tsohuwar ƙira ce, an daɗe da daina yin irinta. A sauran masu wuya biyu, kowane wuya da nasa fedojin. Tasa kuwa fedoji shidan na wuya biyun ne gaba ɗaya. Akwai wata liba, ɗan ƙarfen turawa da jawowa, a ƙarƙashi, daidai saman gwiwar hagu: in ka tura ta, fedojin su yi wa wuyan gaba aiki, in ka jawo ta, su tsallaka su koma na baya. In kuwa libar ta tsaya a tsakiya, fedojin sun zama na banza, ba su kama ko ɗaya ba.

Sannan ya gaya mini dalilin kiran. Saura mako bakwai matarsa ta cika shekara da rasuwa, za a yi taron tunawa da ita a zauren da ke ƙasan cocinsu. Akwai wani kiɗa da take so, wanda yake kaɗa mata tun suna saurayi da budurwa. A wuyan gaba yake farawa, a tsakiya a ja liba, a ƙarasa a na baya. Tana kwance a asibiti ta sa ya yi mata alkawarin zai kaɗa shi a taron. Yanzu ga shi ƙafar hagu ba ta iya danne feda har ƙasa. Ya zauna ya gwada a gabana. Ƙafar ta yi rawa, fedar ta tsaya a rabin hanya, sautin ya fito a karkace. Ya ce 'yarsa da ke kudu ta ce kada ya wahalar da kansa, tana da kiɗan a waya, sai a kunna wa mutane. Bayan taron ma za ta tafi da shi can wurinta.

"Ba waya matata ta ce ta kaɗa mata ba," in ji Baba. "Ni ta ce."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin jitar, na ga sanduna da sifirin da ƙananan notuna, duk tsohon mai ya daskare a kansu. Da bakina na ce zan gwada. A zuciyata kuwa na riga na gama gyaran.

Kayan aikina suna ƙasa, kuma ba zan iya barin ɗinki in wuni a hawa na biyar ba, don haka muka sauko da ita falona. Nauyinta ya fi na keke biyu, sai da maƙwabta suka kama mini har cikin lifta. Matata ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonmu.

"Maigida, yanzu kuma makaɗa muka koma?"

"Gyara ne kawai."

"Bon, shi ke nan. In dai baƙin mai ya taɓa mini kafet, kai da ita za ku kwana a basiman, can ƙarƙashin bene."

Na shimfiɗa kwali, na kifa jitar a kai. Kafin in taɓa komai sai da na bi kowace sanda na ɗaura mata zare mai launi dabam, na shata wurin kowane noti da allin ɗinki, don in na ɓata in san hanyar komawa. Na wanke tsohon man, na ɗiga man keke. Duk inda na ji abu yana motsi sai hannuna ya tafi ɗaure shi, don a wurina noti mai rawa abin kunya ne. Baba, wanda yake saukowa kullum bayan la'asar ya tuɓe takalmi ya zauna kusa da ni, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kar ka ɗaure wannan. In ba ka bar musu ɗan wasa ba, libar ba za ta tsallaka ba."

Na ce a ina aka taɓa gyara da barin abu sake-sake? Ya ce in gwada in gani. Na ɗaure, na ja liba, ta cije ta ƙi tafiya. Na sassauta ba tare da na dube shi ba. Sai na ji yana dariya ta hanci.

Babban aikin shi ne a kawo jitar daidai ƙarfin ƙafarsa. Na zaunar da shi a kan kujerar kiɗansa, na ɗauko awon ɗinki na auna shi yadda nake auna mai son wando: daga ƙasa zuwa gwiwa, daga dunduniya zuwa babban yatsa, da iyakar inda idon sawunsa yake iya lanƙwasawa kafin rawa ta kama shi. Na rage tsawon ƙafafun jitar don hannunsa na hagu ya huta kuma ya kai ga liba ba wahala, na bar yatsa biyu cif tsakanin gwiwarsa da libar. Na sauke fedojin har suka kusa shafar ƙasa, don kada ya riƙa ɗaga ƙafa, sai dai ya kafa dunduniya ya karkata. Na canza sifirin masu tauri da masu laushi, biyu daga ciki ma daga wani mataccen keke na cire su. Duk wanda na sa sai in zauna in gwada da ƙafata. Ni kuma tun da nake ban taɓa taka keken ɗinki da takalmi ba, da tafin ƙafa nake jin abin da ƙarfe yake ciki. Na yi ta sassautawa har ya zama babban yatsa kaɗai ya isa ya danne feda.

Kowane canji kuma yana ɓata muryar tsirkiya, sai an sake saitawa. Wannan aikin kunnen Baba ne da hannuna. Akwai ƙananan ramuka a gefen jitar, ta nan nake zura ɗan lanƙwasasshen makulli in murɗa. Shi zai kaɗa tsirkiya, ya taka feda, ya rufe ido ya ce, "Ƙara kaɗan. Kaɗan. Ka wuce, dawo." In mun gama wuyan gaba mu ja liba mu koma na baya, in mun dawo mu tarar na gaba ya ɗan goce. Wata rana mukan yi awa biyu a kan tsirkiya ɗaya, ga ɗinkin mutane yana jirana. Ban taɓa jin haushin lokacin ba, ni da ba na iya jiran shayi ya huce.

Wani yammaci ya ce ba zai yiwu in riƙa gyara abin da ban san daɗinsa ba. Ya tashi ya ba ni kujerar, ya sa mini faratan ƙarfe a yatsu, ya danƙa mini guntun ƙarfen. Na ɗora, na ja. Abin da ya fito ba ya faɗuwa. Matata ta leƙo daga kicin.

"Wa ya taka wutsiyar kyanwa?"

Amma da aka zo ƙafa, sai Baba ya gyara zama. Ya ce in taka ta ɗaya da ta biyu tare, in saki ta ɗaya a hankali ta biyu na danne. Na yi. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce akwai waɗanda suke shekara ba su iya wannan karkatar ba. Na ce shekara talatin nake yinta a ƙarƙashin keke, ba wanda ya taɓa yaba mini. Ya ce ƙafata ta makaɗi ce, hannuna kuwa na tela ne, sai a yi haƙuri da shi. Daga ranar kullum yakan bar mini kwata ɗin awa kafin ya hau sama. Ya koya mini kada in danna ƙarfen da ƙarfi, in bar nauyinsa ya yi aikin, in kuma riƙa kai shi daidai kan layi ba kusa da layi ba.

A mako na biyar ya kaɗa kiɗan daga farko har ƙarshe. Ina tsugune a gefe da makulli a hannu. Ya fara a wuyan gaba, a hankali, ƙafarsa cikin safa tana karkata a kan fedoji ba ko rawa. Da ya kai tsakiya ya bar tsirkiya ɗaya tana kuka, ya sa hannu ƙarƙashi ya ja liba, ƙas, ya miƙa hannuwa zuwa wuyan baya, muryar ta yi kauri ta ci gaba kamar ba a tsaya ba. Matata ta fito da ludayi a hannu ta jingina da bango har ya gama.

"Ashe ba goge ba ne," ta ce a hankali.

Na bar mata wannan, ban ce na gaya miki ba. Baba ya zauna hannuwansa a kan tsirkiyoyi, ya daɗe bai ɗago ba. Ni kam daɗi ya cika ni, kuma ba zan ɓoye ba, har da girman kai. Sauran kwanakin ya yi ta maimaitawa, kullum a falona, kullum takalmansa na bakin ƙofa.

Taron ranar Asabar ne da rana. Na sa babbar riga, matata ta yafa mayafinta na unguwa, muka tafi a matsayin maƙwabta. Na riga kowa isa da jitar. Na kafa ta a gaban zauren kusa da teburin da aka ɗora hoton marigayiya, na duba kowane shatin alli yana inda na bar shi. Na zame takalmana na ajiye a gefe, na zauna na taka fedoji ɗaya bayan ɗaya, na ja liba gaba da baya. Komai lafiya lau.

Baba da 'yarsa sun biya maƙabarta, don haka ba su iso ba sai da zaure ya cika. Ya shigo cikin baƙar kwat ɗin da na rage masa, ta zauna masa ɗas. A ƙafarsa wasu takalman fata ne masu dogon wuya da tsinin baki da tudun dunduniya, an goge su sai ƙyalli suke. Ya ce matarsa ce ta saya masa su tun farkon aurensu, kuma bai taɓa kiɗa a gaban jama'a ba tare da su ba. Na duba yadda ƙafar wandon ta sauka a kansu daidai, na ji daɗin aikina. Da bakina na yaba takalman nan.

Aka yi jawabai, aka yi addu'o'insu, aka kira Baba. Ya zauna, ya ɗan yi fama kafin ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin jitar, na ɗauka taurin jiki ne. Ya sa farata, ya kaɗa. Sautin farko ya fito da tsami. Ya tsaya, ya gyara zama, ya sake. Wannan karon ya ɗan yi nisa, muryar tana hawa tana sauka inda bai aike ta ba, sai na ji ƙas, tun ba a kai ko kusa da tsakiya ba. Ya taka feda, ta tafi ƙasa fayau ba ta ja komai ba. Ya taka ta biyu, haka.

'Yarsa ta taso da waya a hannu, ta dafa kafaɗarsa.

"Baba, ya isa haka. Ka yi ƙoƙari. Bari in kunna."

Ya juyo ya dube ni. Na zaci zan ga fushi, don da ni ne da na yi. Babu fushi ko kaɗan. Ya ce da ƙaramar murya, "Tela, ƙafar ce ta tafi. Ba na jin komai a ƙarƙashinta."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Na sunkuyar da kai don kunya, sai idona ya faɗa kan ƙafafuna. Ashe tun ɗazu a cikin safa nake tsaye a gaban mutane, takalmana suna nan gefen jitar inda na zame su. Na dubi nawa, na dubi nasa. Tudun dunduniyar ya ɗaga gwiwarsa yatsa biyu, daidai yatsa biyun da na bari, gwiwar ta tokari liba ta ture ta tsakiya. Fedojin kuwa na mayar da su laushin da nauyin takalmin kaɗai yake danne su, shi kuma ta cikin wannan fata mai kauri ba ya jin ya taɓa su. Mako bakwai ina auna mutum a cikin safa. Ni da na tambaye shi takalmin da zai sa saboda wando, ban tambaye shi saboda jita ba.

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ba ƙafarka ba ce. Ni ne. Ba takalmi na auna ka."

Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana kallo, na ga ya gane. Ya tambaye ni ko zan iya ɗaga ta yanzu. Na ce ɗagawa da sake saiti zai ci awa guda ko fiye, kuma ko na yi, ƙafarsa ba ta saba da hakan ba. Hanya ɗaya ce.

"Ita ta saya mini su," ya ce.

"Na sani, Baba."

'Yarsa tana tsaye da wayar, yatsanta a kai. Wani ya yi tari a baya. Baba ya dubi hoton matarsa, sannan ya turo mini ƙafar hagu.

"Cire."

Takalman nan ba sa fita ta daɗi. Na riƙe dunduniya na ja, babbar rigata tana sharar ƙasa, sai da na yi nishi kafin na farko ya fito. Wata tsohuwa a layin gaba ta yi dariya, wasu suka taya ta, ban ga laifinsu ba. Na cire na biyu. Na rasa inda zan ajiye su, sai na jera su a ƙasan teburin, daidai ƙarƙashin hoton. Na mayar da liba wuyan gaba, na koma gefe.

Ya kafa dunduniya a ƙasa, babban yatsansa ya lalubi feda ta ɗaya, ya taɓa ta biyu. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya kaɗa.

Ban iya ba da labarin kiɗa ba, kuma ba zan gwada ba. Abin da na sani shi ne ban kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya, ƙafar nake kallo, ina karkata tawa tare da ita a kan daɓe. Ya kai tsakiya. Ya bar tsirkiyar tana kuka, hannu ya shiga ƙarƙashi, ƙas, a lokacinta wannan karon. Ya tsallaka wuyan baya ya ƙarasa. Ba wanda ya tafa nan da nan. 'Yarsa ta riga ta mayar da wayar jaka, tana zaune ta rufe fuska da hannu biyu. Matata tana share ido da gefen mayafi, ita da ta ce rakiya kawai ta zo yi.

Da aka watse na je in ba shi haƙuri yadda ya kamata. Ya ce shi ma ai mako bakwai yana tuɓe takalmi da hannunsa bai tuna ba, in raba laifin biyu in ɗauki rabi. Na ce ban yarda ba, shi ba tela ba ne.

Bayan kwana goma 'yarsa ta zo da motar kaya. Jitar ba ta shiga lissafin tafiya ba, ɗakin da aka tanadar masa ƙarami ne. Ya ce ta zauna a wurina, in ci gaba da kwata ɗin awata, in ya zo ganin kabarin matarsa zai biyo ya ji ko hannun ya kamo ƙafar. Da safen da za su tafi ya sauko da takalman nan a leda. Ya zauna a 'yar kujerar bakin ƙofa, ya fito da su, ya jera su a cikin namu, tsakanin silifas ɗin matata da takalmina na masallaci.

"Nan ne wurinsu," ya ce. "Kiɗan yana ciki, su suna jira a waje."

Yanzu Lahadi da rana ni nake zama a gabanta. Na fi Baba gajarta, ƙafata kuma lafiyarta ƙalau, fedojin sun yi mini laushi ƙwarai, da na so da rabin yini ya ishe ni in mayar da ita daidai jikina. Ban taɓa ko noti ɗaya ba, shatin allin yana nan yadda yake. Matata kuwa, wadda ba ta barin takalmin baƙo ya kwana a bakin ƙofarta, duk ranar Juma'a in ta gama shara sai ta ɗauki na Baba ta goge su, ta mayar da su inda ya ajiye.